Lu'ulu'u mai siffar ƙwai: abin da takardar awo ba ta faɗa

A babban hutun bara, wata ranar Laraba bayan la'asar, ƙanin matata ya aiko mini da hotunan takardu biyu ta WhatsApp. Yana Dubai, inda yakan je saro wayoyin salula sau biyu ko uku a shekara, ga shi kuma ana ta shirin aurensa. Ya ƙudura a ransa sai ya sa zoben lu'ulu'u a cikin lefe, wato dutsen nan da ƴan Najeriya ke ce wa daimon, kuma amarya ta riga ta nuna masa irin wanda take so a hoto: mai siffar ƙwai, ba kewayayye ba. Saƙon muryarsa gajere ne. "Mushe, ga duwatsu biyu an ba ni zaɓi. Kai ne mai lissafi, duba mini wanda ya fi kafin mai shago ya rufe."

Na duba. Ɗaya karat 1,20 ne, ɗayan karat 1,03. Makin launinsu ɗaya, makin tsabtarsu ɗaya, kuma a jikin kowace takarda an rubuta kalmar Excellent har sau biyu. Bambancin kuɗin bai kai bambancin nauyin ba. Na ce masa ya ɗauki mai nauyin. Ban yi minti biyar ba na yanke hukunci a kan kuɗin da suka kusa albashina na shekara guda, na koma na ci gaba da shan shayina.

Bayan mako biyu zobe ya iso Maraɗi. A hoton bidiyon da aka ɗauka cikin shago, dutsen na walƙiya kamar zai kama da wuta. A tsakar gidanmu kuwa, ƙarƙashin rumfa, da matata ta ɗaga shi sai ta ce, "Malam, wannan baƙin na tsakiya fa? Datti ne?" Ta goge da bakin mayafi, ta hura masa iska, ta sake gogewa. Ba datti ba ne. Wani duhu ne ya ratsa cikin dutsen daga gefe zuwa gefe, siriri a tsakiya, mai faɗi a bakuna biyu, duk yadda ka juya zoben yana nan daram. Kawunan dutsen biyu kuma sun yi toka-toka kamar fasasshen gilashi.

Tun daga ranar na shiga karatun abin da ya kamata in sani kafin in buɗe baki. Ga ra'ayin da na tsaya a kai: a lu'ulu'u mai siffar ƙwai, kyan yanka shi ne abin da ake biya, kuma shi ne daidai abin da takardar awo ta yi shiru a kansa. Wanda ya sayi irin wannan dutse da takarda kaɗai, bai gan shi a haske iri-iri ba, ya sayi takarda ne aka ba shi dutse gyara.

Na san abin da wani abokin aiki zai ce: malamin da ke jiran ƙarshen wata, me ya haɗa shi da lu'ulu'u? Gaskiya ne, ban taɓa saya ba, ba na kuma tsammanin zan saya. Amma ƴan kasuwarmu na Maraɗi da Damagaram da Yamai suna zirga-zirgar Dubai, ƴaƴanmu mata na ganin zobban nan a waya dare da rana, kuma idan takarda mai lambobi ta shigo gida, a hannun wa ake danƙa ta? A hannun malamin makaranta. Mu ake kawo wa takardar likita, da ta fili, da ta banki, a ce mu duba. An amince da mu fiye da yadda muka cancanta a wasu lokuta, ni dai ga shaida a yatsar amaryar ƙanena.

Bari in fara kawar da wani ruɗani. Karat na zinariya daban, na lu'ulu'u daban. A zinariya, karat na nuna tsarki: 24 ita ce zalla, 21 da 22 su ne matanmu suka fi sani daga Makka da Dubai, 18 ta fi gauraye. A lu'ulu'u kuwa karat nauyi ne kawai, giram 0,2. Karat biyar ke yin giram ɗaya. Ba ya faɗa maka kyau, ba ya ma faɗa maka girman da ido zai gani. Mu da muka tashi muna ganin ana ɗora awarwaro a kan sikeli, ƙwaƙwalwarmu ta saba da cewa mai nauyi shi ne mai daraja. Ga zinariya haka ne. Ga wannan dutse, sabon nan ne ya kayar da ni.

Lu'ulu'u ba shi da hasken kansa. Ɗanyensa, yadda ake tono shi a Botsuwana ko a Akwatiya ta ƙasar Gana, in ka tsince shi a hanya za ka iya ɗauka tsakuwa ce mai ɗan maiƙo. Duk walƙiyar da ake gani aikin mai yanka ce. Haske na gudun kilomita kusan 300.000 a daƙiƙa a sarari, amma in ya shiga lu'ulu'u sai ya ragu zuwa wajen 124.000. Saboda haka, hasken da ke cikin dutsen in ya bugi wata fuska a karkace, karkatar da ta wuce digiri 24 da ɗan kai, ba ya iya fita, sai fuskar ta zame masa madubi ta maido shi ciki. A gilashi sai karkatar ta kai wajen digiri 42, a ruwa wajen 49. Duk malamin da ke son nuna wa yara wannan, kofin gilashi da ruwa sun isa: a ɗaga kofin sama da ido, a leƙa saman ruwan daga ƙasa, za a ga ya koma madubi. Aikin mai yanka shi ne ya jera fuskokin gindin dutsen, ta yadda hasken da ya shiga ta sama zai bugi wannan ya bugi wancan ya dawo idon mai kallo. In gindin ya yi faɗi da yawa, haske ya zube ta ƙasa. In ya yi zurfi da yawa, ya fice ta gefe. Ko ta wane hali, abin da ya dawo maka kaɗan ne.

Turawan Ingila sun koyi wannan darasi a kan dutsen da ba nasu ba. Kohinur, wanda suka karɓe daga hannun yaron sarkin Panjab a 1849, an baje shi a babban bikin nunin kayayyaki na Landan a 1851. Jama'a suka yi layi, suka gani, suka koma suna gunaguni cewa ba ya walƙiya. A 1852 mijin Sarauniya Biktoriya ya sa aka kawo masu yanka daga Amsatadam suka sake yanka shi, aka mai da shi mai siffar ƙwai. Ya sauko daga wajen karat 186 zuwa 105,6. An zubar da fiye da kashi 40 cikin 100 na nauyinsa don neman haske. Ni dai ina ganin ɓarna ce a yi wa kayan tarihin wasu mutane haka, kuma Indiya har gobe tana neman a maido mata da shi. Amma labarin ya nuna abin da masu abin suka ɗauka da muhimmanci: sun yarda su yi asarar nauyi, ba su yarda da dutse marar haske ba. Ni kuwa a ranar Larabar nan akasin haka na yi.

To me ya sa takardar ba ta gargaɗe ni ba? Takardun da ƙanena ya aiko na GIA ne, cibiyar nazarin duwatsu masu daraja ta Amurka, wadda aka kafa a 1931, kuma a wannan kasuwa ba a cika jayayya da hatiminta ba. Tana auna nauyi, ta ba launi maki daga D zuwa Z, ta duba tabo da madubi mai ƙara girma sau 10. Ga kewayayyen lu'ulu'u, tun 2006 take ƙara layi guda na makin yanka, mataki biyar daga mafi kyau zuwa mafi muni. Hakan ya yiwu ne domin kewayayye yana da lissafi da aka daɗe ana tacewa. Tun 1919 wani saurayi ɗan gidan masu yanka na Antuwaf, Marcel Tolkowsky, ya wallafa kusurwoyin da ya lissafo: gindi digiri 40,75, kafaɗun sama digiri 34,5. Da'ira ko ta ina ka ɓullo mata iri ɗaya ce, kusurwa ɗaya ta wadatar da kewayen duka.

Mai siffar ƙwai, wanda Lazare Kaplan na birnin New York ya fito da yankansa na zamani a ƙarshen shekarun 1950, bai da wannan sauƙi. Daga ciki zuwa tsakiya tafiyar gajera ce, daga kai zuwa tsakiya doguwa ce, alhali duk a zurfi ɗaya za su haɗu. Dole gangaren gefe ya fi tsayuwa, na kawuna ya fi kwanciya. Babu kusurwa ɗaya da za ta gamsar da su gaba ɗaya, sai dai mai yanka ya yi sulhu, kuma hanyoyin sulhun suna da yawa: wani ya sa manyan fuskoki huɗu a gindi, wani shida, wani takwas. A takardun da na riƙe babu layin makin yanka sam. Excellent ɗin nan biyu da suka ruɗe ni, ɗaya na guga ne, wato santsin fuskoki, ɗayan na daidaito ne, wato ko fuskokin sun jeru sun haɗu baki da baki. Akwai wasu gidajen awo da ke ba irin wannan siffa makin yanka, amma kowane da ma'auninsa, kuma ba su ne ke hannuna ba.

A nan ne kunya ta kama ni sosai, domin wannan kuskure ne da nake hana ɗalibaina yi kullum. Idan ɗalibanmu masu koyon malanta suka fita gwajin aiki a makarantun firamare, mukan bi su mu zauna a bayan aji. Sau nawa na karɓi takardar shirin darasi mai kyan rubutu, an ja layi da jan biro, kowane mataki a gurbinsa, sannan na ɗaga kai na ga yara sittin ba wanda ya gane abin da ake faɗa? Kyan rubutu da jeruwar layi, su ne guga da daidaito. Abu ne mai kyau, ana ba shi maki. Amma ba shi ne darasin ba.

Duhun nan na tsakiya kuma yana da suna a kasuwar. Suna kiransa da sunan ɗan ƙaramin ɗaurin wuyan nan na masu hidima a manyan otal, wanda Faransawa suka laƙaba wa sunan malam-buɗe-littafi, saboda fikafikai biyu da yake da su. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne asalinsa. Ba tabo ba ne a cikin dutse. Inuwar mai kallo ce. Fuskokin da ke wannan yanki suna ɗauko haske ne daga daidai wurin da kanka da kafaɗunka suka tare, sai su maido maka da duhunka. Na gwada da kaina: na huda farar takarda, na leƙa zoben ta hudar, sai fikafikan suka yi fari. Na sake da jar takarda, suka yi ja. Kusan kowane dutse mai wannan siffa yana da shi, kaɗan ko da yawa, kuma ɗan kaɗan ba aibu ba ne, har ma yana taimaka wa walƙiya, don ido ba ya ganin fari sai da baƙi a kusa. Wanda ake gudu shi ne mai faɗi, baƙi ƙirin, wanda ba ya motsi in dutse ya motsa. Babu layin da ke faɗin wannan a takarda.

Duk da haka ba zan ɗora wa takarda laifin da ba nata ba. Akwai abin da ta faɗa mini ban saurara ba. A saman kowace akwai lambobi uku na milimita: tsawo, faɗi, zurfi. Mai nauyin 7,9 ne da 5,8 da 4,0. Marar nauyin 8,0 da 5,8 da 3,5. Ku duba da kyau, ƴan uwa. Ta fuskar da ido ke gani, girmansu ɗaya, har ƙaramin ya ɗan fi tsawo. Karat 0,17 ɗin da na sa yaron nan ya biya duk yana ƙasa, a gindi da ɗamarar dutsen, inda zinariyar zobe za ta rufe. Lissafin kuwa na ajin firamare ne: a raba zurfi da faɗi. 4,0 a raba da 5,8 ya ba da kashi 69 cikin 100. 3,5 a raba da 5,8 ya ba da 60. Dillalai da yawa na ba da shawarar a tsaya tsakanin 58 da 63 ko kusa da haka, faifan sama kuma tsakanin 53 da 63. Ni mai koyar da rabawa ban raba ba.

Wannan kuma ba haɗari ba ne daga wajen mai yanka. Kusan tara cikin goma na lu'ulu'un duniya a birnin Surat na Indiya ake yanka su, kuma a wajen yanka rabin ɗanyen dutse ko fiye yakan tafi a ƙura. Da karat ake sayarwa, farashi kuma yakan yi tsalle in an tsallake cikakken lamba kamar karat 1,00. Mai yanka da ke da zaɓi tsakanin 0,95 mai haske da 1,02 mai ɗan duhu ya san wanda zai fi kawo kuɗi, domin ya san yawancin masu saye irina ne. Ba na zaginsa. Mai sayar da gero ma ya san mudun da ya fi karɓuwa.

Sai dai kada wani ya ɗauki lambobin nan ya mai da su sabuwar takarda. Suna taimakawa wajen fitar da wanda ba ya cikin layi, ba sa zaɓar maka na kirki. Dillalan ma sukan ce ƙarin zurfi na rage fikafikan nan, sai dai ya dusashe dutsen. Namu ya haɗa duka biyun, ga dusashewa ga fikafikai. Duwatsu biyu na iya yin lambobi iri ɗaya, ɗaya na raye ɗaya a mace. Daga nan aiki ya koma na ido, kuma idon ma sai an koya masa inda zai duba.

Da za a maido ni ranar nan, abin da zan fara ce wa ƙanena shi ne ya fita da dutsen daga ƙarƙashin fitilun shago. Ƴan ƙananan fitilun nan masu ƙarfi da ake jerawa a rufin shagon gwal, ko gindin kwalba ka ajiye a ƙarƙashinsu zai yi ƙyalli. Ya roƙi mai shago su je bakin taga ko ƙofa, inda hasken rana ke shiga ba kai tsaye ba, domin a irin wannan haske amarya za ta yi rayuwarta. Ya nemi a ciro duwatsun tsirara, ba a cikin zobe ba, a ajiye su gefe da gefe a bayan hannunsa tsakanin yatsu biyu. Ya dube su kusa, sannan ya miƙe hannu ya dube su daga nesa, don in kai ya yi nisa inuwarsa na raguwa, dutse mai kyau sai ya washe, marar kyau ya ci gaba da riƙe duhunsa. Ya karkata hannun a hankali hagu da dama. A dutsen kirki duhun tsakiya yakan farfashe, nan ya haska can ya mutu, kamar ruwan tafki da iska ta taɓa. Ya kuma lura da kawuna biyu: shin suna walƙiya kamar tsakiya, ko sun yi dishi-dishi? A kawunan ne kuma launin rawaya ya fi taruwa a wannan siffa, ko da makin launi a takarda ya yi kyau. In kuma dole sai ta waya za a yi shawara, to bidiyo a bakin taga, dutse na juyawa a hankali, ba hoto guda da mai shago ya zaɓa ba.

Sai siffar kanta. Muna cewa mai siffar ƙwai don ba mu da kalmar da ta fi, amma dutsen da ya yi kama da ƙwai na gaskiya ya ɓaci, domin ƙwai kansa ɗaya ya fi ɗaya tsini, balle na zabo. Abin da ake so, in ka raba shi biyu ta tsawo ko ta faɗi, kowane rabi ya zama ɗan uwan ɗayan. Kafaɗun su gangaro a hankali, kada su kumbura dutsen ya koma kamar sabulu, kada kuma su zube ya koma kamar ƙwallon dabino. Tsawo a raba da faɗi, yawancin mutane sun fi son abin da ya faɗa tsakanin 1,30 da 1,50. Wannan kam ganin dama ne, mai siririn yatsa da mai kauri ba lalle su so abu ɗaya ba, kuma ba ni ne zan sa zoben ba.

Wani zai ce, to in haka ne a yar da takardar mana. A'a. Ido na da nasa makantar. Ba ya bambance lu'ulu'u da wasu duwatsun kwaikwayo masu ƙyalli, balle ya bambance wanda aka tono da wanda aka ƙera a masana'anta, wanda sinadarinsa da taurinsa da haskensa duk ɗaya ne da na ƙasa, amma kuɗinsa ya yi ƙasa ƙwarai a ƴan shekarun nan. Takarda ce ke faɗin wannan. Yawancin duwatsun da aka auna akwai lambar takardar a rubuce da leza a jikin ɗamararsu, sai a karɓi madubin mai shago a karanta, a gwada da ta takarda, a kuma shigar da lambar a shafin cibiyar a intanet a ga ko bayanin ya yi daidai. Takarda na tsare ka daga ɓarawo. Ba ta tsare ka daga mummunan zaɓi, kuma ba ta taɓa cewa za ta yi ba. Ni ne na karanta mata abin da ba ta rubuta ba.

Da aka koma makaranta a watan Oktoba, na rubuta lambobin duwatsun biyu a allo, na ce wa ɗalibaina su zaɓa. Mafi yawansu suka bi sawuna, suka ɗauki mai nauyi, da sauri kuwa. Kaɗan suka yi rabawar suka gano inda nauyin ya ɓuya. Wata ɗaliba guda daga bayan aji ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai ba mu ga duwatsun ba." Ita kaɗai. Muna koya wa yara karanta abin da ke cikin jadawali, muna ba su maki a kai, amma ban tuna ranar da na tambayi aji wane layi ne babu a jadawalin ba. Yanzu nakan yi. Ba ya cin fiye da minti goma, kuma ya fi wahalar da manya a kan yara.

Ga iyaye kuwa, musamman masu aurar da ƴaƴa, akwai maganar da ta fi ta yanka nauyi a wurina. A gidajenmu zinariyar mace ajiya ce. Ranar da ciwo ya zo, ko kuɗin makaranta, ko jari ya karye, ɗan kunne da sarƙa ke fita su dawo da kuɗi, kuma kowa ya san farashin giram a ranar. Lu'ulu'u ba ya wannan aikin. Ko a ƙasashen da ake cinikinsa, wanda ya saya a shago ya koma sayarwa ba ya samun abin da ya biya, sau da yawa ko kusa. Wanda ke da hali yana son kyan abin, ya saya don kyan, ba ni da ta cewa, sai dai in ce tun da kyan ne kaɗai zai samu, to ya tabbata ya same shi. Amma kada a rage zinariyar yarinya a sa dutse a ce an yi mata ajiya.

Ƙanena bai riƙe ni a zuci ba, sai dai ya samu abin tsokana har abada. Duk inda muka haɗu sai ya ce, "Mushe, yaya lissafi?" Amarya kuma tana son zobenta, ta ce ita ba ta ganin wani duhu sai in mun nuna mata, mu daina nuna mata. Watanni bayan biki, don son sani kawai, shi da ni muka kai zoben wurin wani maƙerin zinariya a kasuwa, muka ce in da za a sayar nawa zai saya. Ya juya shi, ya goga gefen a kan dutsen gwaji, ya ɗiga ruwansa, ya ce zinariyar 18 ce. Ƙanena ya zaro takardar awon daga aljihu ya miƙa masa. Bai ko buɗe ta ba. Ya ɗora zoben a sikeli, ya danna lissafi a wayarsa, sannan ya ce zai cire giram ɗaya saboda nauyin dutsen, in kuma muna so ya ɓanɓare mana shi mu tafi da abinmu. Na ce masa dutsen bai kai ko rubu'in giram ba, karat 1,20 ne, giram 0,24 ke nan. Ya dube ni, ya dubi ƙanena, ya ce, "Alhaji, wannan malamin makaranta ne ko?"